Wayar kuloci tana ƙonewa kusa da bututan hayaƙi: wace dabara ce ta yi muku aiki?

MaiMustang89:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Ford Mustang ƙirar 1989, mai injin V8 na lita 5.0 da giya biyar ta hannu, kuma kulocinta da waya yake aiki, ba da mai ba. A bara na cire gajerun bututan hayaƙin da motar ta zo da su, na sa dogayen nan da makanikai ke kira heda, kuma tun daga lokacin wayar kuloci ba ta sake yin tsawon rai ba. Ta farko ta yi wata bakwai, ta biyu ko wata huɗu ba ta cika ba. Alamar iri ɗaya ce kowane karo: da safe fedar tana da laushi, amma da zarar na yi rabin awa a cunkoso sai ta yi tauri, tana gurzawa kamar ana jan igiya a bakin rijiya, giya ta ɗaya da ribas kuma su ƙi shiga sai da ƙara. Da na zare ta biyun, na tarar robar wajenta ta narke tsawon ɗan yatsa, daidai inda ta gifta ɗaya daga cikin bututan gefen direba, inda tazarar ba ta wuce milimita 10 ba. Kafin in sa ta uku ina neman shawararku: bututan zan naɗe, ko wayar zan sa wa rigar kare zafi, ko kuwa in haƙura in mayar da kulocin na mai?

TsohonBakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka sayi komai, fara da hanyar da wayar ta bi. Wayar kuloci hawa huɗu ce: a tsakiya akwai zaren ƙarfe da aka tufka, shi ne ke ja, sai wani siririn bututun roba mai santsi da zaren ke zamewa a cikinsa, sai murɗaɗɗen ƙarfe da ke riƙe siffar wayar, sai robar waje. Robar wajen da ka ga ta narke shaida ce kawai, ainihin ɓarnar tana ciki, domin idan bututun santsin nan ya yi laushi sai zaren ya riƙa cinsa duk lokacin da ka taka, har ya kai ga ƙarfe yana gogar ƙarfe. Gurzar da kake ji a ƙafarka ke nan. A tazarar milimita 10 babu rigar da za ta cece ka na dogon lokaci. Wayar wannan motar tana da wani maƙali da ake ɗaurewa a jikin shasi, wanda aikinsa shi ne ya janye ta daga injin, kuma sau da yawa masu sa dogayen bututai suna kwance shi don su samu wurin aiki, sa'an nan su manta da shi. Duba ko naka yana ɗaure. Ni ba na barin waya ƙasa da milimita 25 daga bututu, idan na samu 50 kuwa sai hankalina ya kwanta.

GarejinGida:
Ni dai naɗe bututan na yi da ƙyallen zaren gilashi, kuma shekara biyu ke nan ban sake canza waya ba. Har ɗakin injin gaba ɗaya ya rage zafi, fentin bonet ya daina kumbura.

MaiWalda:
Malam GarejinGida, ban ƙaryata ka ba, amma ka taɓa kwance naɗin ka ga abin da ke ƙarƙashinsa? Bututan da ake kawo mini in yi musu faci, mafi munin su naɗaɗɗu ne. Ƙyallen yana tsare zafi a jikin ƙarfen, ƙarfen ya riƙa kaiwa zafin da ba a ƙera shi dominsa ba, kuma idan mota ta shiga ruwa ko ta kwana a raɓa sai ƙyallen ya sha danshi ya manne da bututun. Tsohuwar mota kuwa ta fi zama a ajiye fiye da tafiya, saboda haka danshin yana samun lokacin yin aikinsa. Na taɓa kwance wani naɗi, bututun ya biyo ƙyallen ɓawo-ɓawo, har da yatsa na huda shi. Idan bututun na ƙarfe mara tsatsa ne, abin da sauƙi, ko da yake shi ma yakan tsage a wajen walda. Akwai kuma haɗari na biyu: ƙyallen da ya sha baƙin mai daga murfin kan injin mai yoyo ya zama lagwani, wuta kawai yake jira.

Abin da nake yi shi ne garkuwa. Ina yanka fallen alminiyum, in lanƙwasa shi rabin da'ira, in ɗaura shi tsakanin bututu da waya ta yadda bai taɓa ko ɗayansu ba, iska tana bi ta gabansa da bayansa. Idan wuri ya yi ƙunci ainun, akan ɗumama bututun a ɗan lotsa shi kaɗan a daidai wurin, kuma ƙaramar lotsawa ba ta rage wa injin wani ƙarfin da direba zai ji.

MalaminKimiyya:
Bari in ƙara bayani a kan dalilin da ya sa garkuwar MaiWalda take aiki, domin idan aka fahimci dalilin, zaɓin kayan zai zo da sauƙi. Zafi yana isa ga wayar ta hanya uku: ta taɓawa, ta iska mai zafi da ke tashi daga bututun, da kuma ta hucin da ƙarfe mai zafi ke haskowa, irin wanda mutum ke ji a fuskarsa idan ya tsaya nesa da garwashi. A kusa da heda, na ukun nan ne babba. Hucin ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar zafi, yana ninkuwa ne da gaggawa: bututun da ya tashi daga digiri 327 zuwa digiri 627 a ma'aunin Salshiyos yana hasko zafin da ya ninka na farko kusan sau biyar. Ƙarfe kuwa yana fara yin ja a duhu daga wajen digiri 525, kuma duk wanda ya taɓa buɗe bonet da dare bayan doguwar hawa ya san heda yana iya kaiwa nan.

Yanzu a kwatanta da kayan da ke cikin wayar. Robar waje tana fara laushi tun wajen digiri 100. Nailan, wanda ake yin bututun ciki da shi a wayoyi da yawa, yana narkewa tsakanin digiri 220 da 260 gwargwadon irinsa, amma yana rasa ƙarfinsa tun kafin nan. Teflon, wata irin roba mai santsi, ya fi juriya, sai a digiri 327 yake narkewa. Babu ɗayansu da zai zauna lafiya a milimita 10 daga ƙarfen da ya yi ja. Alminiyum mai sheƙi yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na hucin da ya faɗo masa, shi ya sa siririn falle yake yin aikin da kauri ba ya yi, muddin dai bai taɓa bututun ba. Da zarar ya taɓa, ya koma mai kai zafi, domin alminiyum yana cikin ƙarafan da suka fi saurin ɗaukar zafi ta taɓawa.

MaiMustang89:
Na gode ƙwarai. Baba TsohonBakanike, na leƙa yanzu, kuma gaskiyarka: maƙalin yana nan a jikin wayar, amma ba a ɗaure shi da komai ba, yana lilo ne kawai. Malam, na ga riguna iri biyu ana sayarwa, wata mai ruwan lemo mai kauri kamar tiyo, wata kuma mai sheƙi kamar azurfa. Wacce ta dace da wannan wurin?

MalaminKimiyya:
Mai ruwan lemon zaren gilashi ce da aka lulluɓe da silikon, tana jure kusan digiri 260 a kai a kai, kuma an fi yin ta domin kare tiyon mai daga harshen wuta da fantsamar abu mai zafi. Mai sheƙin zaren gilashi ce da aka rufe da alminiyum, ita ce ta dace da huci, wato matsalarka. Ka zaɓi wadda ta fi wayar faɗi kaɗan domin iska ta zauna a tsakani, ka bar sheƙin yana kallon bututun, kuma ta wuce wurin zafin da kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe. Kada ka ɗaure bakinta da maɗaurin roba, zai narke a rana ɗaya. Ka yi amfani da na ƙarfe mara tsatsa ko siririyar waya. Ka kuma riƙa goge ta, domin idan ƙura da mai suka dusashe sheƙin, yawancin amfaninta ya tafi.

ƊanLantarki:
Ku gafarce ni in kawo wani abu da ba a ambata ba. Ba duk wayar kulocin da ta narke ba ce zafin bututu ya narkar. Akwai wata kakkaurar waya da ke haɗa injin da bodin mota, ta cikinta wutar sitata ke komawa batir. Sitata tana jan amfiya sama da 100, a babban injin ma fiye da 200, kuma idan wannan wayar ta yi tsatsa, ko aka manta ba a mayar da ita ba bayan aiki, wutar za ta nemi wata hanya, kuma wayar kuloci ko ta totur ita ce ƙarfen da ya fi kusa da ya haɗa injin da bodi. An taɓa kawo mini mota da ta ci waya uku, mai ita ya naɗe komai da ƙyalle har ɗakin injin ya zama kamar majinyaci, ashe noti ɗaya ne ba a ɗaure ba. Gwajin ba shi da wuya: a sa mitar auna lantarki tsakanin jikin injin da ƙafar batir ta negatif, wani ya tayar da mota, kuma bai kamata karatun ya wuce rabin bolt ba. Bambancin alamar shi ne, wadda wuta ta ci tana narkewa daga ciki kuma a tsawonta ko a bakunanta, wadda bututu ya ci kuwa tana ƙonewa ta gefe ɗaya a wuri ɗaya. Yadda mai tambaya ya siffanta tasa ya fi kama da ta bututu, amma tunda an kwance abubuwa lokacin sa heda, gwajin minti biyu ba asara ba ne.

HajiyaBeetle:
Tawa Volkswagen Beetle ce, injin yana baya, wayar kuloci kuma tana bi ta cikin ramin tsakiyar shasi, saboda haka zafin bututu bai taɓa damuna ba. Amma taurin feda na san shi sosai. A wurinmu abin da ke jawo shi shi ne bushewar waya da kuma lanƙwasar ɗan bututun nan da ke kusa da giyabos, wanda dole ya ɗan sunkuya, in ba haka ba motar ta riƙa karkarwa idan za ta tashi. Ni nakan zare wayar in shafe ta da giris daga farko har ƙarshe, sai ta koma kamar sabuwa. Me zai hana mai tambaya ya yi haka, ko da zafin ya taɓa ta ai giris zai rage gurzar?

TsohonBakanike:
Hajiya, a motarki daidai kika yi, domin wayarki tsirara take gudu a cikin bututun ƙarfe, giris kuwa abincinta ne. Tasa daban ce. Wayar da ke da bututun santsi a ciki an yi ta ne ta yi aiki ba tare da an ƙara mata komai ba, kuma wasu mayukan suna kumbura robar cikin, su ƙara matse zaren. Ga shi kuma a wurin zafi giris yana dahuwa, ya bushe, ya haɗu da ƙura ya zama kamar ƙwalta. Wayar da ta riga ta ƙone ba ta da magani sai canji, kuma wanda ya ci gaba da taka ta da ƙarfi, wani abu ne zai karye a sama. A Mustang na waɗannan shekarun, abin da wayar ke maƙale da shi a kan feda na roba ne mai haƙora, wanda ke daidaita kansa, kuma waya mai tauri ita ce ke cinye haƙoran nan.

EscortMk2:
Wannan ciwon ba na Mustang kaɗai ba ne. Ina da Ford Escort mai injin Pinto na lita 2.0, tuƙin dama, kuma a wannan injin bututan hayaƙi suna gefen dama ne, wato gefe ɗaya da fedoji da sandar sitiyari, sai komai ya taru a lungu ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai wata da watanni shi ne, idan na auna tazara motar tana tsaye sai in samu yatsa biyu, amma wayar ta ci gaba da samun tabon ƙuna. Rannan na sa ƙanena ya ja birkin hannu, ya sa giya ta ɗaya ya ɗan saki kuloci, ni kuma ina tsaye a gefe ina kallon injin. Sai na ga injin ya karkata gaba ɗayansa, bututun ya matso har ya sumbaci wayar. Kujerun injin ne suka mutu, robarsu ta rabu da ƙarfe. Duk awon da aka yi injin yana hutawa rabin awo ne. Bayan na canza kujerun, na kuma sa waya da ta fi ta asali tsawo kaɗan domin ta yi babban zagaye ta bayan wurin zafin. Sai dai a kula, kada garin gudun zafi a tanƙwara wayar da yawa, domin kowace matsattsiyar kwana tana ƙara wa feda nauyi, tana kuma sa zaren ya ci gefe ɗaya.

Direba504:
Ni ban ga dalilin wannan wahalar duka ba. Peugeot 504 da na tuƙa shekara da shekaru kulocinta na mai ne, ban taɓa sanin wata waya da ke narkewa ba. Su kansu masu ƙera Mustang sun bar waya sun koma mai daga ƙirar 2005. A mayar da shi na mai a huta.

MaiWalda:
Alhaji, na mai ma ba ya son zafi, wurin ciwon ne kawai yake sauyawa. Kuloci na mai da man birki yake aiki, kuma nau'in da ake kira DOT 3 yana tafasa ne a digiri 205 ko sama idan sabo ne, na DOT 4 a 230, amma man yana shan danshi daga iska, kuma idan ya tsufa waɗannan alƙaluman suna iya sauka zuwa 140 da 155. Idan tiyon man ya bi ta inda wayar ta bi, man zai tafasa, feda ta faɗi ƙasa babu komai a ƙarƙashinta, abin da ya fi waya mai tauri muni a tsakiyar hanya. Fa'idarsa ta gaskiya ita ce, bututun mai yana yarda a lanƙwasa shi a bi da shi ta nesa, waya kuwa ba ta yarda. Sa'an nan akwai masu son motarsu ta zauna yadda aka ƙera ta, su ba za su so a huda bangon ɗakin injin ba.

TaiminDaidai:
Kowa yana maganar kare wayar, babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa bututan suke zafi haka. Idan taimin ya yi baya, wutar filogi tana zuwa a makare, fetur ya fita yana ci gaba da ƙonewa a cikin bututun, kuma za ka ga heda ya yi ja ko da motar tana tsaye. Haka nan idan iska ta fi fetur yawa. A injin mai tambaya, asalin taimin digiri 10 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa. Ya sa a duba da fitilar taimin, ya kuma duba ko akwai inda iska ke sata.

HajiyaBeetle:
Na karɓi gyara, Baba, na gode. Tunda ana maganar garkuwa, ina da jan kunne guda biyu. Wanda ya tarar da tsohuwar garkuwa ko wani farin ƙyalle mai gari-gari a tsohuwar mota, kada ya kankare shi ko ya busa masa iska, domin a da ana yin irin waɗannan da asbestos, ƙurarsa kuma tana jawo mummunar cutar huhu bayan shekaru. Na biyu, kada a yanko kwanon rufi a yi garkuwa da shi a manne da bututu, domin tutiyar da aka shafe shi da ita tana narkewa a wajen digiri 420, hayaƙinta kuma idan ta ƙone yana sa zazzaɓi.

MaiMustang89:
Ga abin da na yi a ƙarshen mako. Gwajin ƊanLantarki ya nuna ƙasa da rabin bolt, saboda haka ba wuta ba ce. Kujerun injin suna da sauran rai, taimin ma daidai yake. Na sa sabuwar waya, na ɗaure maƙalin a shasi, tazarar ta tashi daga milimita 10 zuwa kusan 30, na kuma zura mata rigar mai sheƙi. Garkuwar ce ban samu wurin ɗaurawa ba tukuna, domin sandar sitiyari ta tare gefen. Na yi tafiyar awa ɗaya har da cunkoso, feda ba ta sauya ba. Da na tsaya na auna da na'urar nan mai jan haske da ake nunawa daga nesa, bututun ya nuna sama da digiri 300, jikin rigar kuma 60 kacal.

MalaminKimiyya:
Madalla da aikin, amma kada ka yarda da 60 ɗin nan. Wannan na'urar hucin da abu ke fitarwa take karantawa, abu mai sheƙi kuwa kaɗan yake fitarwa, saboda haka takan ba da karatun da bai kai gaskiya ba, ko kuma ta karanta zafin wani abu da ke haskawa a jikinsa. Ka zame rigar kaɗan ka auna baƙar robar wayar kai tsaye. Ka kuma auna minti biyar zuwa goma bayan kashe injin, domin a lokacin ne fanka ta tsaya, iska ta daina bi, zafin da ya taru yake mamaye duk abin da ke kusa.

GarejinGida:
Har yanzu ina kan bakana game da naɗi, sai dai na yarda da MaiWalda a kan mai, domin jiya na leƙa na ga wani baƙin tabo a ƙyallen ƙarƙashin murfin kan injin, kuma zan canza gasket ɗin kafin in sake fita da motar. Wanda ba ya son naɗi duka, ai yana iya naɗe tsawon taƙi ɗaya a bututun da ke fuskantar wayar kawai.

MaiWalda:
Naɗe yanki ɗaya yana sa wannan yankin ya fi maƙwabtansa zafi, kuma a irin wannan iyakar ce ƙarfe ke son tsagewa. Idan zafin bututun kansa ake so a rage, fentin siramik da ake gasawa a ciki da waje ya fi, sai dai dole a sauke bututan a kai su inda ake yi. MaiMustang89, game da garkuwar, ba lallai ne ta hau shasi ba. Ana iya ɗaura ta a jikin bututun kansa da maɗauran ƙarfe biyu, a sa mata ƙafafu da za su ɗaga ta kamar milimita 8 zuwa 10 daga ƙarfen. Auna mini kaurin bututun, da abin da ya rage tsakaninsa da sandar sitiyari idan an juya sitiyarin har ƙarshe ta kowane gefe, sai in gaya maka ko fallen zai shiga.